Gonar da ba a iya takawa: Yadda Kambodiya ta haɗa kwance nakiyoyi da yaƙi da talaucin karkara

A shekarar 2000 shugabannin duniya suka hallara a hedikwatar Majalisar Ɗinkin Duniya da ke New York, suka amince da sanarwar da ta haifar da muradun ci gaba guda takwas, waɗanda suka haɗa da rage talauci da yunwa, ilmantar da yara da kare lafiyar mata masu juna biyu. Kowace ƙasa ta koma gida da nata kwafin. Da Kambodiya ta zauna daidaita muradun da halin da take ciki a 2003, sai ta ga lissafin bai cika ba, ta ƙara na tara da kanta: kwance nakiyoyin da ke binne a ƙasa, kwashe bama-baman da ba su tashi ba, da tallafa wa mutanen da suka raunata. Bayan da aka zo da sababbin muradu 17 a 2015, ta sake yin haka, ta ƙara na 18 a kan batun.

Hujjar gwamnatin ƙasar a bayyane take. Mafi yawan talakawanta manoma ne, kuma babu yadda za a yi maganar iri da taki da bashin noma ga mutumin da ke tsoron taka gonarsa. Wannan shawara ta fitar da aikin kwance nakiyoyi daga hannun sojoji da ƙungiyoyin agaji kaɗai, ta shigar da shi ofisoshin tsare-tsare, kasafin kuɗi, filaye da walwalar jama'a. Abin da ya biyo baya a cikin shekaru 20 yana ɗauke da darussa ga duk ƙasar da ke shirin mayar da 'yan gudun hijira gonakinsu bayan yaƙi, kuma Najeriya na cikin wannan sahu.

Yadda aka shuka ajali a gonaki

Kambodiya ƙasa ce a kudu maso gabashin Asiya, tsakanin Tailan, Laos da Biyetnam, kuma shinkafa ce ƙashin bayan rayuwarta. Masifarta ta zo ne hawa-hawa. Daga tsakiyar shekarun 1960 zuwa 1973 jiragen yaƙin Amurka sun yi ruwan bama-bamai a sassan ƙasar, musamman gabashi, a ƙoƙarin datse hanyoyin mayaƙan Biyetnam, kuma da dama daga cikin bama-baman ba su tashi ba. A 1975 'yan Khmer Rouge ƙarƙashin Pol Pot suka ƙwace mulki, suka yi kisan ƙare-dangi, har sai da dakarun Biyetnam suka kore su daga babban birni Phnom Penh a Janairun 1979.

Korarsu ba ta kawo ƙarshen yaƙi ba, domin sun koma dazuzzukan kan iyakar Tailan suna kai hari. Don toshe musu hanya, a tsakiyar shekarun 1980 gwamnatin wancan lokaci da dakarun Biyetnam suka shimfiɗa wani shingen nakiyoyi mai tsawon ɗaruruwan kilomita a kan iyakar, wanda ake kira K5. Fararen hula aka tilasta wa sare daji da haƙa ramuka, kuma da yawansu zazzaɓin cizon sauro ko nakiyoyin da kansu suka halaka su. Kowane ɓangare ya binne nasa a bakin rijiyoyi, hanyoyi, gadoji da gonaki, galibi ba tare da taswira ba. An yi ƙiyasin cewa yaƙe-yaƙen sun bar nakiyoyi da sauran abubuwan fashewa tsakanin miliyan 4 zuwa miliyan 6.

An sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya a Paris a Oktoban 1991, amma ragowar mayaƙan Khmer Rouge ba su ajiye makami ba sai ƙarshen shekarun 1990. A 1996 kaɗai mutum 4,320 ne nakiyoyi da ragowar makamai suka kashe ko suka raunata. Daga 1979 zuwa yau adadin ya haura 64,000, kuma kusan 20,000 daga cikinsu sun rasu.

Alƙawarin gonar da bai cika ba

Alaƙar nakiya da talauci ta fito fili tun ranar da aka fara maganar komawa gida. Tsakanin 1992 da 1993 hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta dawo da mutum kusan 360,000 daga sansanonin kan iyakar Tailan. Tun farko an yi wa kowane iyali alƙawarin gona da za ta kai hekta biyu. Da aka zo rabo, sai aka tarar filayen da ba su da nakiya kuma ba su da mai su ba za su isa ba. Dole aka sauya tsari, kuma mafi yawan mutanen suka karɓi kuɗi a hannu, dala 50 ga babba, dala 25 ga yaro. Kuɗin suka ƙare cikin ɗan lokaci, iyalai da dama suka wayi gari ba gona ba sana'a, suka nufi filayen da kowa ya gudu ya bari saboda haɗari.

A nan ne tarkon yake. A lardunan arewa maso yamma irin su Battambang, Banteay Meanchey da Pailin, mutanen da nakiyoyi suka fi tashi da su sun san akwai haɗari a inda suke shiga. Sun ga jan allon gargaɗi, sun ji bayanin masu wayar da kai. Yunwa ce ta tura su sare itace, kiwo ko faɗaɗa gona. Wasu ƙauyawa, musamman tsofaffin sojoji, sun riƙa tono nakiyoyi da wuƙa ko fartanya don su samu wurin shuka, saboda jiran masu aikin hukuma zai iya ɗaukar shekaru. A farkon shekarun 2000 da kasuwar tsohon ƙarfe ta yi tsada, 'yan gwangwan da yara suka riƙa farfasa tsofaffin bama-bamai don sayarwa, aka yi ta asarar rayuka. Daga baya, da manoma suka fara samun taraktoci, sai nakiyoyin da aka binne don tankokin yaƙi, waɗanda ƙafar mutum ko ta saniya ba ta tayar da su, suka fara tashi da motocin noma cike da ma'aikata.

Wata masaniyar kimiyyar siyasa a Jami'ar Jihar Ohio ta Amurka, Erin Lin, ta gano wani abu da ke ƙara bayyana zurfin asarar. Bom da ya faɗa kan ƙasa mai tauri yakan tashi nan take, wanda kuwa ya faɗa cikin ƙasa mai laushi da danshi yakan nutse bai tashi ba. Ƙasa mai laushin nan ita ce mafi albarka ga shinkafa. Sakamakon haka, gonakin da ya kamata su fi ciyar da jama'a su ne suka zama mafi haɗari, manoma suna yi musu noman tsoro, ba sa huɗa mai zurfi, ba sa zuba jari, suna girbin abin da bai taka kara ya karya ba, shekaru da dama bayan jirgin ƙarshe ya wuce.

Idan kuma nakiyar ta tashi, gida guda take rusawa. An ƙera ƙananan nakiyoyi ne don su nakasa mutum, su cire masa ƙafa, su cusa ƙasa da tsumma cikin rauni, ta yadda sai an yi masa tiyata fiye da sau ɗaya. Iyali kan sayar da saniyar huɗa don biyan mota da asibiti, su jinginar da gona, su ci bashi mai ruwa, a cire yara daga makaranta su maye gurbin uba a gona. Gidan da jiya yake da rufin asiri sai ya koma cikin masu neman taimako, kuma da wuya ya sake fitowa.

Wa zai ci gonar bayan an share ta?

Aikin kwance nakiyoyi ya fara ne a matsayin agajin gaggawa. Ƙungiyar HALO Trust ta Birtaniya ta shiga ƙasar a 1991, MAG ta biyo baya a 1992, shekarar da aka kafa cibiyar ƙasa ta CMAC. A shekarun farko ana auna nasara ne da yawan nakiyoyin da aka tono da faɗin filin da aka share. Ba a jima ba wata matsala ta ɓullo. Fili mai nakiya ba shi da daraja, shi ya sa talaka ke zaune a kansa ba mai damunsa. Ranar da aka share shi kuwa ya zama dukiya, kuma a wurare da dama masu ƙarfi, ciki har da masu kaki da masu kuɗi, suka karɓe filayen da aka share da kuɗin agaji. Talakan da aka yi aikin dominsa sai ya ƙara nausawa cikin wani dajin mai nakiya.

Maganin da aka samo na mulki ne. A ƙarshen shekarun 1990 aka fara kafa sassan tsara amfani da filaye a lardin Battambang, daga baya aka mayar da su sassan tsara aikin nakiyoyi, waɗanda ake kira MAPU, ƙarƙashin kwamitin da hukumar lardi ke jagoranta. A 2000 gwamnati ta kafa hukumar CMAA don ta zama mai tsara dokoki da sa ido, ta bar aikin tono ga CMAC, sojoji da ƙungiyoyi. Raba mai sa ido da mai aiki ya zo ne bayan wata badaƙalar kuɗi da ta sa masu ba da tallafi suka ja baya a ƙarshen shekarun 1990.

A sabon tsarin, buƙata daga ƙasa take tasowa. Mutanen ƙauye ne ke zama su lissafa filayen da suka fi damunsu, a kai gunduma a tace, a kai lardi a amince. Kafin a kafa tuta ko ɗaya, sai an amsa tambayoyi a rubuce: na wa ne filin, akwai rigima a kansa, me za a yi da shi, iyalai nawa za su amfana, kuma talakawa ne? Bayan an miƙa filin, jami'ai kan koma su duba ko wanda aka rubuta shi ne ke nomawa. Tsarin bai kawar da ƙwacen filaye gaba ɗaya ba, amma ya sa akwai takarda da shaidu, kuma ya ba ma'aikatun noma, hanyoyi da ilimi damar haɗa ayyukansu da jadawalin masu kwance nakiyoyi, ta yadda rijiya, makaranta ko hanyar kasuwa za ta biyo bayan sharewa.

Bincike kafin tono

Darasi na biyu ya shafi kuɗi. Ƙiyasin da aka daɗe ana ambata a Majalisar Ɗinkin Duniya shi ne cewa ana iya ƙera nakiya da dala 3 zuwa 30, amma cire ta na cin dala 300 zuwa 1,000. Mai aikin yana durƙushe ne da sulke da gilashin kare fuska, yana bin layi mai faɗin mita ɗaya da na'urar gano ƙarfe, kuma duk ƙusa ko kwanson harsashin da ya sa na'urar ƙara sai ya tone shi a hankali kamar nakiya ce. Binciken da aka kammala a 2002 ya nuna kusan rabin ƙauyukan Kambodiya na da wurin da ake zargi. Da a ce za a bi kowane taku da hannu, da jikoki ma ba su ga ƙarshen aikin ba.

Sai aka koma ga tsarin sakin fili mataki-mataki. Da farko jami'ai kan zauna da dattawa, tsofaffin mayaƙa, makiyaya da mata masu itace, su tattara shaidu. Filin da aka shekara da shekaru ana nomawa ba tare da haɗari ba, a cire shi daga jerin. Wanda ake kokwanto a kansa, a gwada shi da injuna ko karnuka don a gano ainihin iyakar haɗarin. Inda aka tabbatar ne kaɗai ake tura masu tono. Sabon binciken da aka fara a 2009 ya bi wannan hanya, kuma ya taimaka wajen mayar wa manoma filaye masu yawa da tsoro kaɗai ya hana su.

A cikin ma'aikatan har da 'yar Afirka da kowane Bahaushe ya sani, wato gafiya. Ƙungiyar APOPO tana horar da gafiyoyi a Morogoro ta ƙasar Tanzaniya su shinshino sinadarin da ke cikin nakiya. Nauyinsu bai kai ya tayar da ita ba, kuma ba ruwansu da tarkacen ƙarfe, saboda haka suna bincika cikin mintuna filin da zai ɗauki mai na'ura kwanaki. Ɗaya daga cikinsu mai suna Magawa ta gano nakiyoyi da abubuwan fashewa fiye da 100 a Kambodiya, aka ba ta lambar zinariya daga Birtaniya a 2020, ta mutu a Janairun 2022.

Tambayar inda za a fara ma tana da amsa daga Afirka. Mozambik ta ayyana kanta a matsayin wadda ta rabu da sanannun filayen nakiyoyi a Satumban 2015, bayan aikin fiye da shekaru 20. Masana tattalin arziki uku, Giorgio Chiovelli, Stelios Michalopoulos da Elias Papaioannou, sun bi diddigin aikin ta hanyar auna hasken wutar dare daga hotunan tauraron ɗan'adam. Sun gano cewa riba mafi girma ta fito ne daga share hanyoyin mota da na jirgin ƙasa da ke haɗa ƙauyuka da kasuwanni, domin amfanin yana kaiwa har garuruwan da ba a taɓa binne musu nakiya ba. Sun kuma nuna cewa da an tsara aikin daga sama tun farko maimakon kowace ƙungiya ta zaɓi inda ta ga dama, da ribar ta fi haka nesa ba kusa ba.

Bayan an ɗauke mai rauni

Ana iya gama share fili a miƙa takarda a tafi. Wanda ya rasa ƙafa yana ɗan shekara 12 kuwa zai buƙaci kulawa har tsufansa. Yarjejeniyar Ottawa ta haramta nakiyoyin da ake binne wa mutane, wadda aka sa wa hannu a Disamban 1997 ta fara aiki a 1 ga Maris 1999, ta yi fice da kasancewa yarjejeniyar kwance ɗamara ta farko da ta tanadi tallafa wa waɗanda makamin ya raunata. 'Yan Kambodiya na da hannu a wannan. Tun Channareth, wanda nakiya ta cire wa ƙafafu biyu a 1982, shi ne ya karɓi kyautar Nobel ta zaman lafiya ta 1997 a madadin gamayyar ƙungiyoyin da suka yi fafutukar haramcin, a kan keken guragu, tare da Jody Williams.

Tallafin yana farawa ne daga sa'o'in farko. Mutane da yawa suna mutuwa a hanya saboda zubar jini, kafin a kai asibiti. Wani shiri da likitocin Norway suka jagoranta daga 1997 a yankin Battambang da arewacin Iraƙi ya horar da ma'aikatan lafiya na karkara da dubban ƙauyawa dabarun tsayar da jini, buɗe hanyar numfashi da ɗumama jikin mai rauni. Cikin 'yan shekaru yawan masu mutuwa a cikin waɗanda suka raunata ya sauka daga kusan kashi 40 cikin 100 zuwa kusan kashi 15, ba tare da jirgin ɗaukar marasa lafiya ko sabon asibiti ba.

Sai batun ƙafar roba. Ƙungiyar agaji ta Red Cross ta ƙasa da ƙasa ta buɗe cibiyar gyaran gaɓoɓi a Battambang a 1991, kuma a 1994 aka kafa makarantar koyar da haɗa gaɓoɓin roba a Phnom Penh, wadda daga baya ta riƙa horar da ɗalibai daga wasu ƙasashe. Babba na buƙatar sabuwar ƙafa duk bayan shekara uku zuwa biyar, yaro mai girma kuwa cikin wata shida zuwa shekara. Ƙafar da za ta jure taɓon gonar shinkafa daban take da ta mai zaman ofis. Ko da ƙafar kyauta ce, kuɗin mota zuwa cibiya da asarar kwanakin aiki na iya hana talaka zuwa, shi ya sa cibiyoyin suka riƙa biyan kuɗin sufuri da abinci, suna kuma tura ma'aikata ƙauyuka su yi gyara.

Mataki na ƙarshe, wanda ya fi wuya, shi ne komawa neman abinci. An gwada koyar da sana'o'i irin su gyaran babur, ɗinki da sassaƙa, an ba da jari, shanu da kaji. Abin da ya fito fili shi ne sana'ar da ba ta da kasuwa a ƙauyen mutum ba ta fitar da shi daga talauci, kuma jarin da aka ba mai ciwon da bai warke ba magani yake tafiya. Haka kuma an gane cewa ware waɗanda nakiya ta raunata a yi musu tsari na daban yana haifar da tsarin da ke mutuwa ranar da mai ba da tallafi ya tafi. Saboda haka Kambodiya ta yi dokar kare haƙƙin masu buƙata ta musamman a 2009, ta kuma shigar da su cikin rajistar gidajen talakawa ta ƙasa, wadda katinta ke ba da damar jinya kyauta. Tun 1994 ƙasar ke da tsarin tattara bayanan duk wanda nakiya ta taɓa: ina, yaushe, yana me. Da waɗannan bayanai ake sanin inda za a tura masu tono da inda za a tura masu ƙafar roba.

Abin da aka samu da abin da ya rage

Daga 1992 zuwa yau an saki fiye da murabba'in kilomita 3,000, an lalata nakiyoyin mutane fiye da miliyan ɗaya, kuma mafi yawan filayen noma aka mayar da su. Masu mutuwa da raunata sun sauko daga dubbai zuwa ƙasa da 100 a shekara. Yankunan Pailin da Battambang da aka sani da fagen daga sun zama cibiyar noman rogo da masara. Alƙaluman Bankin Duniya sun nuna talauci a ƙasar ya ragu daga kashi 47.8 cikin 100 a 2007 zuwa kashi 13.5 a 2014. Masaƙu, yawon buɗe ido, gine-gine da tsadar shinkafa su ne manyan dalilan wannan sauyi, amma a lardunan kan iyaka babu ɗayansu da zai kai ga manomi in da ba a fara buɗe masa gona da hanya ba. Ƙasar da a da ake kai wa ƙwararru, tun 2006 ta fara tura nata masu kwance nakiyoyi aikin wanzar da zaman lafiya, farawa da Sudan, kuma a Nuwamban 2024 ta karɓi baƙuncin babban taron bitar yarjejeniyar Ottawa karo na biyar a Siem Reap.

Duk da haka aikin bai ƙare ba. Burin gamawa a 2025 bai cika ba, ƙasar ta nemi ƙarin wa'adi, kuma sassan K5 da ke wuraren da ake taƙaddamar iyaka da Tailan suna nan. Dogaro da kuɗin waje ma ya nuna illarsa a farkon 2025, lokacin da Amurka ta dakatar da tallafin ƙetare, ayyukan da take ɗaukar nauyi suka tsaya na wani lokaci. A shekarar ce kuma ƙasashen Turai biyar da ke maƙwabtaka da Rasha suka sanar da ficewa daga yarjejeniyar. A duniya baki ɗaya, rahoton Landmine Monitor ya lissafa mutum 5,757 da aka kashe ko aka raunata a 2023, kashi 84 cikin 100 fararen hula.

Abin da ya ci Doma

Najeriya ta shiga yarjejeniyar Ottawa a 2001, kuma a 2011 ta sanar da cewa ta kammala share wuraren da aka sani. Amma tarihi ya nuna irin wannan bashi ba ya biyuwa da wuri. Yaƙin basasa ya ƙare a 1970, sai ga shi a Oktoban 2017, shekaru 47 bayan nan, Gwamnatin Tarayya ta amince a gaban kotun ECOWAS za ta biya Naira biliyan 88: biliyan 50 diyya ga waɗanda ragowar makaman yaƙin suka shafa, biliyan 38 kuma don kwashe abin da ya rage a ƙasa.

Yau matsalar ta koma Borno, Yobe da Adamawa, inda Boko Haram da ISWAP ke binne nakiyoyin haɗin gida a hanyoyi da gonaki. Ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar sun tabbatar cewa duk abin fashewar da takun mutum ke tayarwa nakiya ce a idon doka, ko a masana'anta aka ƙera shi ko a daji. Saboda haka Najeriya ta koma cikin ƙasashe masu wajibin sharewa, aka ba ta wa'adi a 2021 zuwa 31 ga Disamba 2025. Ɗaruruwan mutane ke mutuwa ko raunata a kowace shekara, yawancinsu manoma, masu itace, makiyaya, matafiya da yara. A Afrilun 2025 kaɗai, nakiya ta tashi da motar fasinja a hanyar Maiduguri zuwa Damboa, wata kuma ta kashe mutum 26 a hanyar Rann zuwa Gamboru Ngala.

Akwai bambanci babba da Kambodiya: a Arewa maso Gabas ana ci gaba da binnewa, kuma masu kwance nakiyoyi na farar hula ba sa iya shiga wurare da dama. Amma yawancin abin da Kambodiya ta koya da tsada ba ya jiran ƙarshen yaƙi. Tun 2021 Gwamnatin Borno ke rufe sansanonin Maiduguri tana mayar da mutane garuruwansu, kuma tambayar 1992 tana nan daram: gonar da za su koma, wa ya bincika ta? Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamnoni, ta ba ƙananan hukumomi ikon ba da shaidar mallaka a karkara, saboda haka ana iya rubuta sunan mai gona kafin a share ta. Hukumar Raya Arewa maso Gabas da aka kafa da dokar 2017 tana gina hanyoyi da gidaje, kuma binciken nakiyoyi na iya zama layi a cikin kuɗin kowane aiki. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a Janairun 2019, hukumar da aka kafa a kanta, rajistar talakawa ta ƙasa, da cibiyar gyaran gaɓoɓi da ke Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, duk suna nan. Abin da ke haɗa su shi ne rajista guda ta waɗanda abin ya shafa, da hukuma guda ta farar hula mai kasafin kanta da za ta tsara wa sojoji, 'yan sanda, jami'an tsaron farin kaya, hukumar UNMAS da ƙungiyoyi inda za a fara.

Duk waɗannan shawarwari ne da ake yankewa a kan tebur a Abuja, a cikin takardar kasafi da wasiƙun da ke yawo tsakanin Ma'aikatar Tsaro, ta Jinƙai, ta Noma da ta Kasafi da Tsare-tsare. Muddin ana kallon nakiya a matsayin lamarin soja kaɗai, za a ci gaba da raba iri da taki ga manoman da ke noma 'yar tazarar da ke kusa da ramin tsaron gari, alhali fadamun kakanninsu na kwance a gaba kaɗan. Damina ba ta jiran kwamiti, kuma manomin da rumbunsa ya ƙare zai shiga gonar ko an bincika ta ko ba a bincika ba.